Haraji ne ke korar mutane daga Kalifoniya da Niyok, ko tsadar gida?

Alhaji Garba: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai a ganina haraji ne ke korar mutane daga jihohin Amurka masu tsada, sauran dalilan duk bayansa suke bi. Ku dubi abin da ƙidayar 2020 ta fito da shi. Kalifoniya ta rasa kujera ɗaya a majalisar wakilai ta tarayya, abin da bai taɓa samunta ba tun da ta zama jiha a 1850. Niyok ta rasa ɗaya, Illinois ma haka. Teksas ta samu ƙarin biyu, Filorida ta samu ɗaya. To mene ne ya haɗa Teksas da Filorida? Ko sisi ba sa karɓa na harajin jiha a kan albashi. Kalifoniya kuwa matakin ƙoli na harajinta kashi 13.3 cikin 100 ne, babu jihar da ta kai ta, kuma wannan ban da na gwamnatin tarayya. Mutum ya yi guminsa a yanke masa wannan, alhali ga wata jihar da ba za ta taɓa masa ba, me zai zaunar da shi?

Hajiya Bilkisu: Wa alaikumus salam. Alhaji, kujerun nan gaskiya ne, amma ka tambayi su wane ne ke tafiyar. Kashi 13.3 ɗin da ka ambata sai abin da mutum ke samu ya haura dala miliyan ɗaya a shekara yake hawa kansa. Malamin makaranta da direban bas da mai aikin jinya ba su taɓa jin ƙamshinsa ba. Ofishin da ke yi wa majalisar dokokin Kalifoniya nazarin kasafi ya duba shekarun 2007 zuwa 2016, ya ga wajen mutum miliyan 6 sun fita zuwa wasu jihohi, miliyan 5 sun shigo. Waɗanda suka fi yawa a masu fitar masu ƙaramin ƙarfi ne da iyalai masu yara, masu shigowar kuma sun fi su albashi da ilimi. In da haraji ne, ai da akasin haka za a gani.

Bari in yi mana lissafi a fili. A 2024 matsakaicin farashin gida a Kalifoniya ya tsallake dala 900,000. A Teksas bai kai 350,000 ba. A ce banki na son kashi 20 cikin 100 na kafin alƙalami: a Kalifoniya sai ka ajiye dala 180,000 a hannu, a Teksas 70,000. Ragowar a bashin shekara 30 da kuɗin ruwa kashi 7, mai gidan Kalifoniya zai riƙa biyan wajen dala 4,800 duk wata, na Teksas wajen 1,900. Bambancin ya kusa dala 35,000 a shekara. Ina harajin jiha da zai ci wa ma'aikaci mai matsakaicin albashi ko rabin wannan? Miji da mata masu yara biyu da suka shekara goma suna biyan haya ba su tara ko kafin alƙalamin ba, su ne ke ɗaure kaya.

Sani: Anti Bilkisu, lissafinki ya zauna, amma ni ina bayan Alhaji a wani ɓangaren. Elon Musk ya koma Teksas a 2020, kamfaninsa Tesla ya mayar da hedkwatarsa Austin da ke Teksas a 2021. Oracle ma Austin ta nufa a 2020. Ken Griffin ya ɗauke kamfaninsa Citadel daga Chicago ta Illinois zuwa Miami ta Filorida a 2022, Chevron ta sanar da komawa Houston ta Teksas a 2024. Waɗannan ba kuɗin haya ne ya dame su ba. Sannan dokar haraji ta 2017, ta zamanin Trump, ta ƙayyade dala 10,000 a matsayin iyakar harajin jiha da mutum zai iya cirewa kafin a lissafa masa na tarayya. Daga ranar zama a Niyok ko New Jersey ya ƙara wa masu hannu da shuni tsada. Kuma in kamfani ya tashi, ma'aikatansa na bin sa.

Malama Hadiza: Sani, sunayen da ka jero su ne suka sa maganar haraji ta fi ƙarfinta amo. Attajiri ɗaya in ya tashi jaridu su yi mako suna kai, iyali dubu su tashi babu mai ji. Akwai masu binciken da suka bi abin a takarda. Cristobal Young da Charles Varner da abokan aikinsu sun duba bayanan haraji na masu samun miliyan a shekara a faɗin Amurka na tsawon fiye da shekara goma, suka buga sakamakon a 2016. Cikin waɗannan attajirai, kashi 2.4 cikin 100 ne ke sauya jiha a shekara, alhali a sauran jama'a kashi 2.9 ne. Wato mai kuɗi ya fi talaka zama wuri ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: inda ya yi arzikin nan ne abokan cinikinsa suke, nan 'ya'yansa ke makaranta, nan sunansa ke da daraja. Lauyan da ya yi shekara ashirin yana gina suna a Manhattan ta birnin Niyok ba zai kwashe mutanensa a jaka ya kai Miami ba. Binciken ya yarda akwai masu tafiya don haraji, kuma yawancinsu Filorida suke nufa, sai dai 'yan kaɗan ne.

Ku tuna attajirin nan David Tepper. Da ya bar New Jersey zuwa Filorida har jami'an kasafin jihar suka nuna damuwa a fili, bayan 'yan shekaru ya dawo. Massachusetts ta ɗora ƙarin kashi 4 a kan abin da ya haura miliyan bayan ƙuri'ar 2022, aka yi ta cewa masu kuɗi za su watse, sai ga shi abin da aka tara ya zarce hasashen gwamnati.

Alhaji Garba: Malama, ƙidaya kawuna kike yi, ni kuwa nauyi nake aunawa. A Kalifoniya kashi ɗaya cikin 100 na masu biyan haraji su ke ɗauke da kusan rabin harajin kuɗin shiga a wasu shekarun. In ɗari biyu daga cikinsu suka tafi, ramin da za su bari a baitulmali ya fi na ma'aikata dubu hamsin. Kada a raina 'yan kaɗan ɗin nan.

Hajiya Bilkisu: Wannan damuwar gwamna ce da kwamishinan kuɗinsa, Alhaji, kuma damuwa ce ta gaske. Amma ka buɗe maganar ne da abin da ke korar mutane har jiha ta rasa kujera. Kujera da kawuna ake rabata.

Injiniya Musa: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ana maganar tsadar gida kamar ruwan sama ne da ya sauko da kansa. Mutane ne suka yi ta da hannunsu. A yawancin filayen zama na biranen Kalifoniya, shekara da shekaru doka ba ta yarda a gina komai ba sai gidan iyali ɗaya a fuloti ɗaya. Kana da fili a tsakiyar gari kusa da tashar jirgi, kana so ka ɗora bene mai ɗaukar iyali shida, a ce maka a'a. In ka samu hanya kuma, akwai dokar kare muhalli ta jihar ta 1970, wadda kafin a sassauta ta a 2025 maƙwabci kan iya riƙewa ya maka ka a kotu aikin ya tsaya shekaru. Ayyukan yi suka yi ta ƙaruwa a San Francisco da kewaye, ɗakunan kwana ba su ƙaru daidai da su ba. Wanda ya fi albashi ya karɓe ɗakin, na ƙasa ya matsa. Houston kuwa ba ta da irin wannan dokar raba gari shiyya-shiyya, a 1998 ma ta rage mafi ƙarancin girman fuloti a tsakiyar birni, magina suka riƙa tsayar da gidaje uku a inda ɗaya yake a da.

Ga inda haraji ya shigo, ta ƙofar da Alhaji bai duba ba. A 1978 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da ƙudurin da ake kira na 13. Ya tsayar da harajin gida a kashi 1 cikin 100 na ƙimarsa, ƙimar kuma ba ta hawa fiye da kashi 2 a shekara sai ranar da aka sayar da gidan. Ɗauki gidaje biyu masu katanga ɗaya, gini iri ɗaya. Dattijuwar da ta sayi nata dala 100,000 a 1985, harajinta yau bai wuce dala dubu biyu da 'yan ɗari a shekara ba. Matashin da ya sayi na kusa da ita dala 900,000, nasa 9,000 ne tun shekarar farko. Dattijuwar 'ya'yanta sun watse, ɗakuna uku a rufe, amma ba ta da dalilin sayarwa. Gidajen da ke fitowa kasuwa suka ragu. Su kuma ƙananan hukumomi suka gane shago da wurin sayar da motoci sun fi kawo musu kuɗi ta harajin sayayya, sai suka fi sakin izininsu a kan na gidaje. Rangwamen haraji ne ya taimaka wajen tsadar, abin da ban cika jin masu kukan haraji sun faɗa ba.

Alhaji Garba: To Injiniya, ka fassara mini Illinois. Gida a Chicago bai kai rabin kuɗin na San Francisco ba, amma jihar shekara da shekaru tana zubar da mutane. Harajin gidanta na cikin mafi tsanani a ƙasar, ga bashin fansho da kowa ya san a kan masu biyan haraji zai ƙare. A nan ba za ku ce mini tsadar gida ba ce.

Malama Hadiza: Illinois hujja ce mai kyau, Alhaji, ban musa ba. Harajin gida yana cikin kuɗin zama a gida, kuma a can yana ciwo. Sai dai akwai sanyin hunturu, akwai masana'antun da suka rufe a duk yankin. Kwararar jama'a zuwa kudu ta fara tun bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da na'urar sanyaya ɗaki ta sa aka iya zama a Phoenix da Houston da rani. Masu ritaya sun daɗe suna bin rana zuwa Filorida. In ka ba ni Illinois, ni ma in ba ka Seattle: jihar Washington da birnin yake ciki ba ta karɓar harajin albashi, amma tsadar gida na tura masu ƙaramin ƙarfi bayan gari kamar yadda take yi a Los Angeles. Kuma wanda ya isa Teksas yana murna ba a taɓa albashinsa ba, takardar harajin gida na jiransa, a ma'aunin da ya kai kusan ninki biyu na Kalifoniya. Jiha ba ta gudana da iska, in ba ta karɓa ta nan ba za ta karɓa ta can.

Sani: Akwai abin da ban ji an taɓo ba, korona. Da aka ce a yi aiki daga gida, San Francisco ta rasa sama da kashi 6 cikin 100 na mazaunanta tsakanin Yulin 2020 da Yulin 2021. Harajin jiha a kan albashi bai sauya ba a shekarar. Igiyar da ta ɗaure mutum da ofis ce ta tsinke, sai ya ɗauki albashin San Francisco ya je ya sayi gida mai tsakar gida a Boise ta jihar Idaho ko Austin. 'Yan asalin Boise kuwa suka wayi gari gidajen garinsu sun fi ƙarfinsu. Wannan ya ɗan karkato da ni wajen Anti Bilkisu, ko da yake a kan kamfanoni ina nan inda nake.

Hajiya Bilkisu: Madalla, Sani. Ka ƙara da waɗanda ba sa shiga lissafin kowa saboda ba su tsallake iyakar jiha ba. Dubban ma'aikata sun bar gaɓar San Francisco sun koma Stockton da Tracy da Sacramento. Harajin jiha ɗaya suke biya kafin ƙaura da bayanta, ko kwabo bai ragu ba. Mai share ofis ko mai gadin asibiti zai tashi ƙarfe huɗu na asuba, ya yi awa ɗaya da rabi ko biyu a mota ta mashigar Altamont, ya dawo yara sun yi barci. Mutum ba ya sayen wannan wahalar sai don ɗakin da zai iya biya. Abin da ke ba ni takaici shi ne garin na buƙatar aikinsu, amma ya ƙi gina musu wurin kwana.

Alhaji Garba: Na ji ku, kuma a kan ma'aikaci na ba Hajiya gaskiya. Amma ban sauka daga kan cewa mai kafa kamfani yana duba haraji kafin ya zaɓi gari ba, kuma inda ya kafa nan aikin yake zuwa. Tambayata ga Injiniya: in gini ne maganin, me ya sa Miami ta yi tsada yanzu har ana kuka, alhali Filorida na gini?

Injiniya Musa: Miami teku ne a gabanta, fadamar Everglades a bayanta, filin ya ƙare, Alhaji. Ga kuɗin inshorar gida da ya yi tashin gwauron zabo saboda guguwa, musamman bayan ta Ian a 2022, har wasu kamfanonin inshora suka daina aiki a jihar. Wanda ya je don gudun haraji yanzu yana zuba kuɗin a inshora. Inda za ka ga aikin gini a fili shi ne Austin. Haya ta yi tsalle a 2021 da 2022 da mutane suka kwararo, birnin ya saki izini, aka gina dubban ɗakunan haya a 'yan shekaru, daga 2023 haya ta fara sauka har masu gidaje na ba sabon ɗan haya wata ɗaya ko biyu kyauta don ya sa hannu. Harajin albashi kuwa Teksas ba ta karɓarsa, lokacin hawan da lokacin saukar duka. Kalifoniya ma ta fara bin hanyar, a 2021 ta yi dokar da ta yarda a raba fuloti a gina har gida huɗu a inda ɗaya yake, sai dai ƙananan hukumomi da yawa sun ɗaure ta da sharuɗɗa, gidajen da aka gina a ƙarƙashinta har yanzu kaɗan ne.