Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira Sifesa na Wilin Babur?

Makon jiya na kai babur ɗina wurin bakanike a Tudun Wada, saboda wilin baya ya fara gurnani, kuma idan aka ɗaga shi aka jijjiga da hannu sai a ji yana wasa hagu da dama. Da aka zare sandar wilin aka fitar da boris biyun da suka lalace, sai wani ɗan guntun bututun ƙarfe ya faɗo daga cikin cibiyar wilin. Yaron shagon ya ɗauka ya ce, "Oga, wannan ma a jefar?" Maigidansa ya karɓe da sauri ya ce, "Kai, wannan ai sifesa ne, in babu shi aikin banza muka yi." Tun daga ranar nake neman sunan da ya dace da wannan ƙarfe a Hausa, kuma ga inda na tsaya.

A kan boris ba ni da ja. Kalmar ta daɗe da zama tamu, har yaran unguwa da ke haɗa motar katako sun santa, kuma mai sayar da kaya a kasuwar Panteka ta Kaduna ba zai tambaye ka me kake nufi ba, lamba kawai zai nema, ko 6301 ko 6202 ko 6302. Lambobi biyun ƙarshe su ne ke nuna faɗin ramin da sanda ke shiga: 01 milimita 12 ne, 02 kuma milimita 15. Canza wa boris suna wahala ce marar amfani.

Sifesa kuwa bai zauna a bakin mutane ba. Wani ya ce bushin, wani ya ce kwala, wani ya ce washa, alhali washa faifai ne siriri da ake sa wa a ƙarƙashin noti, bushin kuma wani abu ne daban da ƙarfe ke juyawa ko motsi a cikinsa. Wannan ruɗani yana da illa, domin yaron da bai san sunan abu ba yakan ɗauka abin ba shi da muhimmanci.

Shawara ta farko da aka kawo mini ita ce "mai tazara", wato fassarar ma'anar kalmar Turancin kai tsaye. Wani ɗan'uwa kuma ya ce "ɗan tsakani", tunda yana zaune ne tsakanin boris biyu. Na biyun ya fi daɗin faɗa, amma duka biyun wurin zaman ƙarfen suke bayyanawa, ba aikinsa ba, kuma a nan ne nake ganin ya kamata mu tsaya mu duba da kyau.

Kowane boris yana da zobe biyu, na waje wanda ke manne da cibiyar wili yana juyawa tare da ita, da na ciki wanda ke rungume da sanda, sai ƙwallayen ƙarfe a tsakaninsu. Lokacin da bakanike ya ɗaure notin sanda, ƙarfin matsin yana bi ta guntun ƙarfen da ke gefe tsakanin wili da ƙafar babur, ya shiga zoben ciki na boris na farko, ya ratsa wannan bututu, ya isa zoben ciki na boris na biyu, ya fita ta ɗaya gefen. Idan aka manta da bututun, ko aka sa wanda ya gajarta, zobban ciki za su danno ciki yayin da na waje suke tsaye, ƙwallayen su matse ta gefe, wilin ya yi nauyi, ya ɗauki zafi, sabon boris ya mutu cikin ɗan lokaci. Ke nan aikin ƙarfen shi ne ya tokare zobban nan biyu kada su rufto wa juna.

Saboda haka nake ba da shawarar "matokari". Bahaushe ya san matokarin ƙofa, ya san icen da ake tokare rumfa ko danga da shi, kuma duk wanda ya ji kalmar ya san cewa idan aka cire abin, wani abu zai faɗo. Yaron nan da ya ji an ce matokari, da bai yi tunanin jefarwa ba.

Kalmar tana kuma ɗaukar rabe-raben da ake bukata. Na cikin cibiya sai a ce matokarin ciki, gajerun da ke gefe biyu tsakanin wili da ƙafar babur a ce matokaran gefe, na dama da na hagu. Bambanta su wajibi ne, don sau da yawa tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma idan aka musanya su wili zai karkace daga tsakiya, sarƙa ta daina tafiya a miƙe. A kan matokarin gefe ne kuma leɓen robar da ke tare ƙura yake gogawa, shi ya sa idan ya yi zurfin zane ruwan damina ke samun hanya ya wanke giris.

An yi mini gyara cewa matokari ya yi tsawo a bakin mai aiki da hannu cikin baƙin mai. Na yarda, kuma ba na ƙin a gajarta shi zuwa "tokari" a gareji, a bar cikakkiyar kalmar ga rubutu da koyarwa. Ina roƙon bakanikai na unguwannin Kawo da Rigasa da Kakuri a Kaduna su gwada ta a wurin aiki, su faɗa mana ko yaransu sun kama ta, sannan masu sayar da kaya su gaya mana ko akwai wani ƙarfen babur da ya riga ya ɗauki wannan suna.