Wai da gaske jinin waliyin Napoli yana narkewa?

Dan_Fagge:
Salam jama'a, don Allah akwai mazaunin Italiya a nan? Tun da Osimhen ya ci musu kofi a 2023 nake bin shafukan 'yan Napoli, to sai na ga wani bidiyo coci ya cika maƙil, babban limaminsu ya ɗaga wata kwalba yana jujjuya ta, mutane na ta tafi wasu har da kuka, wai jinin San Gennaro ne ya narke. Shi ɗin waye, kuma jinin wanda ya mutu tun tale-tale ta ina zai narke?

Baban_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Ina kusa da garin. Shi ne waliyin da suke cewa yana tsare musu gari, bishop ne na Benevento, aka fille masa kai a Pozzuoli a shekarar 305 zamanin sarkin Rum Diocletian da ke farautar Kiristoci. A faɗarsu an jefa shi wuta bai ƙone ba, an sakar masa namun daji suka kwanta a gabansa, sai takobi ne ya ci shi, wata mata Eusebia ta kwashi jinin a 'yan kwalabe biyu. Sau uku ake fito da shi a shekara, Asabar ɗin da ke gaban Lahadin farko ta Mayu, da 19 ga Satumba, da 16 ga Disamba don tuna aman wutar dutsen Vesuvio na 1631 da suka ce shi ya tare ta. In ya narke sai a kaɗa farin hankici a harba igwa sau 21. In ya ƙi kuwa hankalin gari ya tashi, nan da nan za su tuna maka 1980 da aka yi girgizar ƙasa.

Injiniya_Maradi:
Hmm ni fa ina da ja. Ba a fara rubuta zancen narkewar nan ba sai 1389, sama da shekara dubu bayan mutuwarsa, ina jinin yake duk tsawon nan? Kuma a 1991 wasu masana a Italiya sun haɗa wani abu mai kauri da in ka girgiza shi yake tsinkewa kamar kindirmo. A buɗe kwalbar a gwada mana.

Maman_Rahila:
Injiniya ai ba za su buɗe ba. Ni 'yar Katolika ce, kuma ko cocin ba ta taɓa ayyana shi a matsayin mu'ujiza a hukumance ba, ba dole ka yarda ba. Abin da ke burge ni yadda suka maida shi ɗan gida. A 1527 annoba ta dame su suka yi yarjejeniya da shi a rubuce da shaidu, ka tsare mu mu gina maka ɗakin ibada, suka kuma gina, har yau dukiyar da ke ciki ta garin ce ba ta Fafaroma ba. Akwai tsofaffin mata da ke kiran kansu danginsa, gaba suke zama, in jinin ya yi jinkiri su hau shi da faɗa suna ce masa mai rawayar fuska saboda mutum-mutuminsa ruwan zinare ne.

Dan_Fagge:
Kai, waliyin ma bai tsira daga faɗan tsofaffi ba kenan 😂 Baban Hanifa ana barin Musulmi ya shiga kallo?

Baban_Hanifa:
Ba mai tambayarka addini a ƙofa, sai dai ka yi sammako don na Satumba ko wurin tsayawa wuya yake.