Ta yaya ake tabbatar da wanda ya fi kowa tsawo a duniya?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Ana yaɗa hoton wani ɗan Ghana a WhatsApp cewa tsawonsa ya kai santimita 289, shin wa ke tantance irin wannan iƙirari?

Malamar Asibiti: Wa alaikumus salam, Malam. Sunansa Sulemana Abdul Samed, kuma wannan adadi ƙiyasi ne da aka yi a asibitin karkara inda ma'aunin bai kai tsawonsa ba. Da wakilin BBC ya jingina shi da bango ya auna, kimanin santimita 223 aka samu.

Baban Daura: Haka ne, Hajiya. Guinness World Records, mai kundin bajintar duniya, ita ce ke tantancewa, kuma ba ta karɓar hoto kaɗai, domin mai ɗauka yana iya durƙusawa ko ya tsayar da gajere a gefe. Ana auna mutum ba takalmi, sau da yawa a yini guda, saboda kowa ya fi tsawo da safe kafin ƙashin baya ya ɗan matse.

Malamar Asibiti: Sultan Kösen na Turkiyya, wanda ya fi kowa tsawo cikin masu rai, an tabbatar masa da santimita 251, Robert Wadlow na Amurka kuwa, wanda ya rasu a 1940, shi ne mafi tsawo da aka taɓa tabbatarwa, ya kai 272.