Ta ina za a fara duba sanarwar sabuwar jagorar manhaja?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Mu huɗu ne muke kula da wata ƙaramar manhaja ta lissafin kayan shago, wadda wasu 'yan kasuwa a nan Sakkwato suke amfani da ita, kuma mun gama sabunta jagorar da ke bayanin yadda ake sarrafa ta. Da Sphinx, wata manhaja ta tsara littattafan bayani, muka gina jagorar, sababbin abubuwan da muka ƙara kuwa su ne fassarar Hausa, da akwatin bincike, da damar sauke ta a matsayin PDF domin wanda data ta ƙare masa. Na rubuta daftarin sanarwa, amma yau kwana biyar ke nan muna kai-kawo a kansa a WhatsApp, kowa yana aiko da nasa kwafin, har na daina gane wanne ne na ƙarshe. Ta ina ake fara duba irin wannan rubutu, kuma wa ke da ta cewa idan ra'ayi ya saɓa?

Malamin Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ku taɓa waƙafi ko aya, ku ɗauki kowace jimla da ta yi wa mai karatu alkawari, ku gwada ta da hannunku. Na gwada kwafin da ka aiko mini jiya da dare. Daftarin ya ce mai karatu zai samu duk kalmar da ya nema, amma da na rubuta "kididdiga" da k mara lanƙwasa, kamar yadda yawancin mutane suke yi a waya, akwatin bai nuna mini komai ba, alhali babin "Ƙididdigar kaya" yana nan daram. Dalili shi ne, a tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ƙ harafi ne mai zaman kansa, lambarsa U+0199, ba k ba ne da aka ɗora wa alama kamar é na Faransanci, saboda haka dabarar cire alamomin saman harafi ba ta mayar da shi k. Haka ɗ da ɓ suke. Ƙari a kan wannan, Hausa ba ta cikin harsunan da binciken Sphinx ya zo da ƙa'idojinsu, don haka ƙa'idar Turanci yake bi wajen yanke ƙarshen kalmomi. Ko dai ku gyara binciken ya daidaita haruffan nan, ko ku faɗa a sanarwar cewa sai an rubuta su da lanƙwasarsu. Kada ku bari jimlar ta fita yadda take.

Malama ta Arkilla:
Na goyi bayan Malam, sai dai ni damuwata farkon rubutun ce. Sakin layi biyu sun tafi a kan wahalar da kuka sha da kayan aikin da kuka zaɓa, alhali mai shagon da zai karanta wannan a waya, tsakanin mai saye da mai saye, abin da yake so ya ji shi ne yanzu zai iya karanta yadda ake rufe lissafin rana da Hausa. Ku fara da wannan, labarin Sphinx ya koma ƙasa. Na kuma lura kun ce "jagora" a wani wuri, "littafin bayani" a wani, har mutum ya ɗauka abubuwa biyu ne. Idan kuna da masu amfani da manhajar a Birnin Ƙonni, ku tuna a Nijar "ƴan" ake rubutawa inda muke rubuta "'yan", wanda shi ma zai shafi binciken.

Ɗan Mabera:
Na gode, Malam da Malama. Na cire sakin layin nan biyu, ko da yake da ƙyar, domin su na fi daɗewa ina rubutawa. Saura batun kwafi barkatai.

Injiniya daga Gawon Nama:
Ɗan'uwa, tunda jagorar tana cikin Git, wato manhajar da ke adana tarihin duk wani gyara da aka yi wa fayil, ka saka sanarwar a can ita ma, ka buɗe buƙatar haɗewa guda ɗaya, wato shafin da ake duba gyara kafin a shigar da shi, kowa ya rubuta gyaransa a gefen layin da yake nufi, kai kuma ka karɓa ko ka ƙi tare da dalili. Ku raba aikin: wanda ya rubuta manhajar ya duba gaskiyar magana, wanda ya fi Hausa ya duba harshe, mutum ɗaya kuma ya riƙe hukuncin ƙarshe, ku kuma sa ranar rufe ƙofa. Abu ɗaya da ban ga an ambata ba shi ne kalmar "cikakkiyar fassara" da ke cikin daftarin. Ka buɗe fayilolin .po, inda fassarar take, ka nemi layukan da ke ɗauke da alamar fuzzy, wadda ke nuna fassarar tana bukatar a sake duba ta, domin duk lokacin da aka sauya asalin Turancin, fassarar layin takan samu wannan alama, ko a bar wurin fayau, Sphinx kuma sai ya nuna Turancin a madadinta. A babin fitar da rasit na ci karo da irin wannan har sau uku.

Ɗan Mabera:
Na duba, Injiniya, kuma gaskiyarka ce. Mun ɗage sanarwar zuwa bayan sallar Juma'a, kuma ni ne zan fassara layukan rasit ɗin a daren yau.