Na yi girandin bawul har tafin hannuna ya yi kanta, amma kananzir bai daina zuba ba

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum. Masana inji, ku taimaka ku duba mini wannan lamari na girandin bawul, wato murza bawul a mazauninsa da mai mai yashi don ya rufe ruf, tun kafin in yi gyaran gangar auzinawa.

Wata uku ke nan da na sauke injin motata a gida. Corolla ce ta 1996, injin 4A-FE, lita 1.6, bawul 16 (su ne ke buɗewa da rufe hanyar shigar iska da fitar hayaki). Ni ba makanike ba ne, aikin ofis nake yi, sai ranar hutu nake samun zama a kansa. Abin da ya kai ni ga kwance shi: mota tana rawa idan tana tsaye, tana shan baƙin mai, kuma da safe in na tayar da ita sai ta yi aman shuɗin hayaki na ɗan lokaci sannan ya ɗauke. Da na auna kwamfireshan, silinda ta 1 da ta 3 da ta 4 sun ba ni tsakanin 170 da 180 psi, ta 2 kuwa 95 kacal. Na ɗiga baƙin mai ta ramin fulogi na sake aunawa, allurar ko gezau ba ta yi ba. Nan na gane ba ringi ne kaɗai ba, ciwon yana sama.

Ƙasan injin na gama da shi, na sa sababbin ringi. Hed, wato kan injin inda bawuloli suke, shi ne ya tsaya mini a wuya. Da na cire bawulolin, na samu ɗaya daga na fitar hayaki a silinda ta 2 ya ƙone, gefensa ya gutsure kamar ɓera ya ci. Wannan kam na san sai sabo. Sauran na hayaki guda bakwai fuskarsu duk 'yan ramuka ne kamar zanzana. Na shigar iska takwas lafiyarsu lau, kunkunniya ce kawai ta daskare a bayansu, na kankare ta da burushin waya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗi kurakuraina biyu. Na farko, kofunan da ke kan jelar bawul da shim ('yan faya-fayan ƙarfe masu daidaita rata) na jera su a kwali na rubuta wa kowanne lamba, amma bawulolin kansu na watsa su cikin gwangwani ɗaya na zuba kananzir. Yanzu ban san wane ne na wane rami ba. Na biyu, da hannu ya gaji da murza sandar girandin, sai na danƙe jelar bawul ɗaya da dirila na sakar mata wuta da man girandin mai kaushi. Ya yi ƙyalli abin sha'awa. Amma da na mayar da sufurin, na kifa hed, na ɗaura fulogi, na cika ramin da kananzir, kafin minti biyar ya jiƙa ƙofar hayaki. Wanda na yi da hannu ma yana tsiyaya, sai dai bai kai wancan ba.

Tambayata: in ci gaba da girandin har ya daina zuba, ko akwai inda ake tsayawa? Kuma cakuɗa su da na yi, ya kashe aikin ne gaba ɗaya?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye dirilar nan tukuna. Ajiye man girandin ma.

Ka fara gini daga rufi. Kafin a taɓa fuskar bawul, gayid ake dubawa, wato bututun nan da sandar bawul ke kai da komowa a ciki. In ya buɗe, bawul ba ya sauka wuri ɗaya sau biyu, yau ya zauna ta nan, gobe ta can. Ko shekara za ka yi kana murzawa ba zai riƙe ba, domin abin da kake daidaitawa ba a tsaye yake ba. Kuma shuɗin hayakin safe da ka ambata, shaida ce mai tana gangarowa ta nan cikin dare, ko dai sil ɗin bawul, wato robobin da ke tare mai, sun bushe, ko gayid ya buɗe, ko duka biyun.

Ga yadda za ka gwada ba tare da wani kayan aiki ba. Wanke gayid da sandar tas. Zura bawul, ka ɗago kansa kamar milimita 10 daga mazauninsa, ka girgiza shi hagu da dama, sannan gaba da baya. Ɗan motsin da da ƙyar yatsa ke ji, wannan daidai ne. In idonka ya ga yana kaɗa kai, ko ka ji ƙas-ƙas, an gama magana. Gwada na iska ka gwada na hayaki, hannunka da kansa zai faɗa maka bambancin.

Ita kuwa dirila, laifinta gefe ɗaya take juyawa ba ta ɗagawa. Tsakuwar man sai ta bi layi ɗaya tana ta zagaye har ta haƙa kwari a fuskar bawul. Ƙyallin da ya burge ka, sa farce ka ja a kansa, za ka ji tudu da gangare. Da hannu ana murza sandar ne tsakanin tafuka kamar mai tufka igiya, a ɗaga, a juya kwata, a sake saukewa. Kunne ke aikin: da farko za ka ji ƙarar yashi, in ta koma sumul ka tsaya ka goge ka duba. Abin da kake nema zobe ne mai launin toka, marar ƙyalli, wanda ya zagaye fuskar ba yankewa. In ka yi minti biyu zuwa uku ramukan suna nan, to sun fi ƙarfin man girandin.

Batun cakuɗawa, ba mutuwa ba ce. Ka dai ƙara wa kanka aiki. Daga yau huda kwali rami 16, kowane bawul ka ba shi gida, kada ya sake kwana a gidan wani.

Injiniya AB:

Baba ya faɗi gaskiya a kan gayid. Ni lambobi zan ƙara, domin yatsa yana ruɗi, musamman yatsan da bai saba ba.

A littafin gyaran wannan injin, ratar da ke tsakanin sandar bawul da gayid ba ta wuce milimita 0.08 a na iska, 0.10 a na hayaki. Kaurin sandar na hayaki 5.965 zuwa 5.980 ne, ka auna da maikiromita sama da tsakiya da ƙasa, domin ba daidai take cinyewa ba. Sai kaurin leɓen bawul, wato ɗan gefen da ya rage tsakanin fuska da saman kai: sabo 0.8 zuwa 1.2, in ya gaza 0.5 a jefar. Wanda ka yi wa dirila, shi za ka fara aunawa. Leɓe in ya yi kaifi kamar wuƙa, shi ke fara yin ja cikin wuta, daga nan sai ƙonewa.

Inda na ɗan saɓa da masu ganin man girandin maganin komai ne: faɗin wurin da bawul ke taɓa mazauninsa 1.0 zuwa 1.4 ake so, kuma a tsakiyar fuska. Duk murzawar da ka ƙara, faɗin nan ƙaruwa yake. Mutum zai ɗauka faɗi ai alheri ne. A'a. Ƙarfin sufurin ɗaya ne, in ya bazu a wuri mai faɗi sai dannawar ta yi rauni, ɗan ɓarɓashin kunkunniya ya samu wurin maƙalewa, wuta ta samu kafa. In kuma ya yi siriri da yawa, zafi ba ya samun hanyar fita. Bawul ɗin hayaki yana aiki cikin zafin da ke haura digiri 700, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na zafin da yake saukewa ta mazaunin nan yake bi zuwa jikin hed, a ɗan lokacin da yake rufe. Ragowar ta sanda da gayid.

Shi ya sa ake yanka mazauni da kusurwa uku. Digiri 45 shi ne wurin zama. Digiri 30 yana rage faɗin ta waje, ya tura zoben ciki wajen sanda. Digiri 60 yana rage shi ta maƙogwaro, ya tura zoben waje. Fuskar bawul ɗin kuma a 44.5 ake gyara ta, ba 45 ba. Rabin digirin nan da gangan aka bar shi don bawul ya ciji mazauninsa a siririn layi tun tashin farko. Littafin ya yarda a yi girandin da hannu bayan yanka, amma shafa ce kawai da mai laushi.

Kuma lura, abin yankan mazauni a cikin gayid yake kafa ƙafarsa. Saboda haka tsarin ba ya canzawa: gayid, sannan mazauni, sannan girandin. Canza gayid sai an dafa hed zuwa digiri 80 zuwa 100, a fitar da tsohon, a buga sabo, a gyara raminsa daidai da sanda. Shawarata wannan kashin ka kai wa masu injin yin sa. Tunda ka je, su ɗora ƙarfen awo a fuskar hed, kada lanƙwasa ta wuce 0.05.

Tsohon Hannu:

Injiniya, ba mu saɓa ba. Na tayar da injuna da yawa da sanda da man girandin kaɗai, suka yi shekaru suna aiki. Amma waɗancan gayid ɗinsu lafiya, fuskarsu dusashewa kawai ta yi. Na yaron nan na iska takwas, in sun ci gwajin girgiza, hannu ya ishe su. Na hayakin ne ban yi masa alkawari ba.

Baƙin Mai:

Ɗan'uwa, ni jiki magayi ne, bari in ba ka nawa. Na taɓa yin girandin ya yi kyau, kananzir ya kwana bai ɗiga ba. Ashe ɗan man girandin ya gangara cikin gayid biyu, ni kuma tsumma kawai na sa na goge. Ban yi wata huɗu ba mota ta koma hayaki fiye da da. Man nan yashi ne, in ya samu baƙin mai ya ci gaba da aikinsa ke nan, ba ruwansa da cewa ka gama. Ɗan kaɗan za ka ɗiga a fuska kawai, ka shafa wa sanda mai mai tsabta. In ka gama, ruwan zafi da sabulu da ɗan burushin kwalba cikin kowane gayid, ka busar, ka shafa mai nan take kada tsatsa ta kama.

Abu na biyu wanda ba a taɓo ba, kuma ina zargin shi ya ƙona maka bawul tun asali: ratar shim. Yau da gobe bawul yana nutsewa cikin mazauninsa, jelarsa tana tasowa sama, rata tana rufewa. Inji ba ya ƙara, sai ma ya yi shiru, mai mota yana murna. Ran da ratar ta ƙare, bawul ba ya rufewa sosai in ya yi zafi, wuta ta riƙa bi ta gefe. Yanzu da za a yanka mazauni, zai ƙara nutsewa. Lambobin da ka rubuta a kwali sun tashi aiki, sai ka sake auna duka 16 da filagej, wato siraran ƙarafan auna rata, inji a sanyi: na iska 0.15 zuwa 0.25, na hayaki 0.25 zuwa 0.35.

Lissafin ba wuya. A ce shim ɗin hayaki 2.90 ne, ka auna rata ka samu 0.15, kana neman 0.30. Ka gaza da 0.15, sai ka nemi shim 2.75. Da tazarar 0.05 suke zuwa. Kada ka yarda da lambar da ke jikin tsohon shim, auna shi. Za ka iya yin awon farko a kan tebur, ka ɗora hed a kan katako biyu don bawul ya samu wurin buɗewa, amma ka maimaita bayan ka ɗaure hed a jikin inji.

Sil kuma sababbi duka, kuma na iska da na hayaki ba ɗaya ba ne, ka duba launinsu kafin ka buga. Sa tabarau lokacin matse sufurin.

Sabon Shiga:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Na yi shiru kwana goma sha biyu ne don in dawo da labari, ba da wata tambayar ba.

Baba, gwajin girgiza ya tona asiri. Na iska takwas da ƙyar nake jin motsinsu. Na hayaki biyu na silinda ta 2 kuwa kaɗa kai suke kamar ƙadangare, har da ƙara. Da na kai hed aka auna, ɗaya 0.14 ya bayar, ɗayan 0.12. Sauran shida suna cikin iyaka, amma biyu sun matso bakinta, sai na ce a canza gayid huɗun gaba ɗaya. Fuskar hed ba ta lanƙwashe ba, wannan ya faranta mini rai.

Injiniya, wanda na yi wa dirila, bayan an share kwarin da na haƙa masa, leɓensa 0.4 ya rage. Ya bi ƙonannen zuwa kwandon shara. Wato bawul ɗaya inji ya ci, ɗaya ni na ci da hannuna. An yanka mazaunin hayaki takwas, an gyara fuskar tsofaffi shida, na sayi sababbi biyu. Na iska ni na yi su a gida da mai laushi, kowanne bai kai minti biyu ba. Don in tabbatar, na zizara layuka da alƙalamin maka a fuskar kowane bawul, na zaunar da shi na ɗan juya kaɗan, layukan duk suka yanke a tsakiya. Kananzir ya yi awa ɗaya a ramuka huɗun, ƙofofi a bushe.

Tabarau kuma na gode. Ɗaya daga 'yan makullan nan biyu masu riƙe sufurin ya yi tsalle ya daki gilashin ido na dama, ya ɓace. Na share ɗakin kaf da maganaɗisu ban gan shi ba, sai bayan kwana uku na ji abu yana sukar ƙafata cikin takalmin aiki.

Malam Baƙin Mai, zarginka ya tabbata. Cikin 16, guda 11 ratarsu ta matse, na hayaki duka takwas suna ciki. Da musanya tsakanin tsofaffin shim na daidaita takwas. Saura uku, biyu suna neman 2.70, ɗaya 2.65, su nake jira. Gaskit da sababbin kusoshin hed suna nan cikin ledarsu, ban buɗe ba tukuna.