Hawan dutsen Pico a Sao Tome: shawarwarin ƴan zaure

Abdul-Aziz: Assalamu alaikum. Wurin aiki za su tura ni taro tsibirin Sao Tome a watan Yuli, ina son in ƙara kwanaki in hau dutsen Pico. Wanda ya san wurin ya taimaka mini don Allah.

Malam Isufu: Wa alaikumus salam. Ka dace da lokaci, daga Yuni zuwa Satumba ne raninsu, gravana suke ce masa. Amma ƙanena, ranin bakin teku ne, can sama hazo da yayyafi ba sa yankewa. Tsayin Pico mita 2,024, kusan ɗaya da ƙololuwar dutsen Bagzan na Nijar mai 2,022, sai dai a Bagzan busasshen dutse kake takawa kana hangen gabanka. Can laka ce da saiwoyi, wani wurin sai ka kama saiwa da hannu biyu ka ja jikinka. Kwana biyu ake yi, a tashi daga Ponta Figo kusa da garin Neves, a kwana cikin tanti.

Hadiza: Yaya Abdul-Aziz, kar ka fara da Pico. Gwada ƙafarka tukuna daga lambun Bom Sucesso zuwa tafkin Lagoa Amelia, a yini guda ka je ka dawo. Tsohon bakin dutse mai aman wuta ne, ciyawa ta rufe ruwan, kana takawa ƙasa na lotsawa ƙarƙashinka. A Bom Sucesso ɗin kuma za ka samu ƴan jagoran gandun dajin Obo.

Musa: Ni da taswira a salula ai ban ga amfanin ɗan jagora ba.

Malam Isufu: A'a Musa, ban yarda ba. Kurmi ne, rassa na toshe hanya, ɗan jagora ke gaba da adda yana sarewa. Akwai baƙin maciji mai dafi, cobra preta, kuma idon ɗan gari ne ke riga naka ganinsa. Wanda ya raka ni kan tsaya ya nuna ganye ya faɗi maganin da yake yi, ya san inda ake ɗiban ruwan sha. Abin da nake roƙo, kar a matse masu kuɗi. Mutum ya ɗauki tukunya da tanti ya hau da kai wannan santsi, haƙƙinsa ne a biya shi da kyau. Ku gama magana tun a ƙasa: abinci na ciki? Mai ɗaukar kaya fa?

Hajiya Rabi: Ɗana, Fotugis suke ji, ka nemi mai jin Faransanci, akwai su. Ka faɗa masa tun farko ba ka cin alade, don can ana ci sosai. Kifi ya wadata, ka nemi calulu na busasshen kifi da manja. Ka riƙe kilishi cikin leda mai kauri.

Hadiza: Sefa ba ta aiki can, ka canza yuro tun a Yamai. Dobra, kuɗin ƙasar, 24.5 ne yuro ɗaya, kuma kar ka dogara da katin banki. Katin rigakafin shawara ma ya kasance a hannunka.

Abdul-Aziz: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Takalmi fa?

Malam Isufu: Mai kama idon sawu, mai haƙora a ƙasa, kuma ka fara yawo da shi yanzu kar ya ci maka ƙafa a dutse. Safa uku, ɗaya ka ƙulle a leda don dare, sanyi ake yi sosai a sama.