Neman kalma: me za mu kira "suds lock" da Hausa?

Salamu alaikum. Ina neman taimakon masu nazarin harshe da masu gyaran injin wanki a kan wata kalma da ta tsaya mini a rai tun makon jiya.

Ga mafarin abin. Na zuba tawul a injina, irin mai ƙofa a gaba, na ga sun yi dauɗa sosai, sai na ƙara omo a kan wanda na saba. Da lokacin matsa ya yi, inji ya ƙi ɗaukar gudu. Ganga ta juya kaɗan ta tsaya, ta sake juyawa ta tsaya. Famfon da ke fitar da ruwa yana ta gurnani, amma ba abin da ke fita ta tiyo. Na leƙa gilashin ƙofa, fari fat, ko tawul ɗaya ba a gani. Wannan shi ne abin da Turawa ke kira "suds lock". Injinan Samsung kan rubuta Sud ko 5ud a allo idan hakan ta faru, na Whirlpool kuma Sud ko Sd. Da na zo yi wa ƙanwata bayani a waya, sai na ga ba ni da suna guda da zan ba shi.

Kafin a kawo kalma, a fara sanin me ke faruwa a ciki, don a nan ne za a gane wadda ta dace. Injin wanki ganga biyu gare shi: ta ciki mai huda-huda wadda ke juyawa, da ta waje wadda ke riƙe ruwa. Idan kumfa ta cika tsakaninsu, sai ta riƙe ta cikin, ta hana ta kai gudun matsa, wanda a injina da yawa yake tsakanin juyi 1,000 zuwa 1,400 a minti ɗaya. Shi kuma famfo an ƙera shi ne don tura ruwa, kumfa kuwa galibinta iska ce, sai ya yi ta juyi a banza. Akwai kuma na'urar da ke auna yawan ruwa ta hanyar matsin iska a wani siririn bututu. Kumfa tana ruɗa ta, inji ya ɗauka har yanzu da ruwa a ciki, ya ƙi wucewa gaba.

Tun da na fara wannan tambaya, an kawo kalmomi huɗu zuwa yanzu, har da tawa.

Wani ɗan'uwa ya ce "kullen kumfa". Malam, na gode, amma wannan bin Turancin ne sawu da ƙafa. Wanda ya ji "kulle" ƙofa zai tuna, kuma dama ƙofar irin wannan inji takan kulle kanta lokacin wanki. Sai mutum ya shiga kokawa da marfi, alhali matsalar tana can ƙasa.

Wata Hajiya ta ce "ambaliyar kumfa", kuma ita ce ta fi samun magoya baya. Tana da daɗin faɗi, ban musa ba. Sai dai Hajiya, ambaliya sai abu ya yi waje. A nawa ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba, amma inji ya tsaya cik. A bar ta ga ranar da kumfa ta ɓullo ta aljihun zuba omo tana malala, a nan ba kalmar da ta fi ta.

"Ƙwarewar kumfa" ta ba ni sha'awa ƙwarai, don yadda mutum ke ƙwarewa idan ruwa ya bi masa ta hanyar iska ya yi kama da halin da famfon ke shiga. A baki ba matsala, tsawon wasali yana raba su. A rubuce kuwa ba ta da bambanci da ƙwarewa ta gwaninta, kuma wannan kalma a rubuce za a fi cin karo da ita, a takardar bayanin inji ko a saƙon waya.

Ni inda na tsaya shi ne "shaƙewar kumfa". Dalilina: "shaƙe" tana ɗauke da ma'ana biyu a bakinmu, kuma duka biyun suna cikin wannan matsala. Muna cewa buhu ya shaƙe, wato ya cika ba masaka tsinke. Muna kuma cewa an shaƙe mutum, wato an hana shi numfashi. Injin ya cika da kumfa, kumfar kuma ta hana shi fitar da abin da ke cikinsa. Ga shi tana juyuwa yadda ake so: "injina ya shaƙe da kumfa", "kumfa ta shaƙe shi", "kada ki cika omo ya shaƙe".

Wani malamin Hausa ya yi gyara mai ma'ana: idan an ce "shaƙewar murya", muryar ce ta shaƙe, to kada a ɗauka kumfar ce ta shaƙe. Allah ya gafarta Malam, haka ne. Amma muna cewa cizon sauro da harbin kunama, ba wanda ke zaton sauron aka ciza. Ina ganin kunne zai raba.

Abin da ya sa na dage a kan wannan, sunan da aka ba matsala shi ke nuna wa mutum abin da zai fara yi. Wanda aka ce wa inji ya shaƙe, ya san sarari yake bukata. A dakatar da shi kamar rabin awa kumfar ta kwanta. A sa shi ɗauraya da matsa da ruwan sanyi, ba omo, sau ɗaya ko biyu har ruwan ya fito garau. Idan ta ƙi kwanciya, murfi ɗaya na ruwan tausasa tufafi yana karya ta, domin sinadarinsa da na omo kishiyoyi ne wajen caji. Wasu na zuba ruwan khal. Duk mai yin haka, don Allah kada ya haɗa shi da bilic, haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai guba. In kumfa ta malalo kusa da soket, a kashe wuta kafin a taɓa komai. Daga baya a buɗe matatar da ke ƙasan inji ta gaba a wanke, don toshewarta ma kan sa inji ya nuna wannan alama ko da omon bai yi yawa ba.

Kuma yawan kumfa ba shi ne tsafta ba. A wankin hannu mun saba auna sabulu da kumfarsa, shi ya sa hannu ke ƙarawa. Inji mai ƙofa a gaba ruwa kaɗan yake sha, kuma wankinsa ɗagawa ne da fyaɗawa. Idan kumfa ta zama katifa, tufa a kanta yake sauka, dauɗar na nan. Ruwa ma da nasa: mai zartsi yana danne kumfa, maras zartsi kuwa omo kaɗan ya ishe shi. Sabulun wanke-wanke na ruwa kam kada ya kusanci injin.

Saura wasu kalmomin Turanci masu alaƙa da kumfa, waɗanda ba su ba mu wahala ba. Omon da ake rubuta wa HE (wato "high efficiency", na injinan da ke shan ruwa kaɗan), "omo mai ƙarancin kumfa" ya wadatar. "Antifoam" da "defoamer" kuwa, ina ba da shawarar "hana-kumfa" ga wanda ake sawa cikin omo tun daga masana'anta, galibi man silikon, da "kashe-kumfa" ga wanda ake zubawa bayan ta riga ta tashi.

Masu gyara, ku ne kuke jin yadda mutane ke faɗi idan sun kira ku. In akwai kalmar da ta riga ta zauna a bakin masu sana'a, ku kawo ta, zan janye tawa. Jiya dai na gwada wa ƙanwata, na ce mata "shaƙewar kumfa ce", ba ta tambaye ni me nake nufi ba, sai ta ce to awa nawa za ta bar shi.